Gasannin Pikilbol na Ƙasa da Ƙasa: Su Wane Ne Suke Cika Ɗakunan Otel?

Mazaunin Florida

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wata magana da nake so mu tattauna, kuma ta samo asali ne daga abin da na gani da idona a watan Afrilu, lokacin da na raka wani dattijo abokin aikina garin Naples da ke kudu maso yammacin jihar Florida domin ya buga gasar pikilbol, wasan da Turawa suke rubutawa pickleball. Ga wanda bai san shi ba, ana buga shi ne da ɗan allo mai mariƙi da ƙwallon roba mai huji-huji, a fili mai raga a tsakiya kamar na tanis amma ƙarami sosai. An ƙirƙiro shi a shekarar 1965 a tsibirin Bainbridge na jihar Washington, inda Joel Pritchard da abokansa Bill Bell da Barney McCallum suka haɗa shi domin iyalansu su sami abin yi a lokacin hutu.

Gasar da muka je ita ce US Open, wadda aka fara a 2016 a wani filin shaƙatawa na gwamnati da ke gabashin Naples. Yanzu wurin yana da filaye fiye da 60, kuma masu shiga gasar sun haura mutum 3,000 a cikin mako guda. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wurin ajiye motoci, domin lambobin motocin sun nuna Ohio da Michigan da Texas, har da Ontario ta ƙasar Kanada. Na tsaya kusa da wata tsohuwa mai furfura wadda ta ɗaure gwiwarta da bandeji tana jiran a kira sunanta, mijinta yana riƙe mata da gorar ruwa da tawul, jikokinta biyu kuma suna zaune a kan akwatin ƙanƙara. Mutum ɗaya ne ya zo wasa, amma mutum huɗu ne za su kwana a otel, su ci abinci sau uku a rana. Ra'ayina shi ne wannan tsohuwar da ire-irenta su ne ainihin ribar da gari yake samu, ƙwararrun da ake nunawa a talabijin kuwa ado ne kawai a kan lamarin. Ina so in ji ta bakin masana da ke cikinmu.

Malamin Tattalin Arziki

Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin yadda ka fara da abin da ka gani, kuma ban musa maka cewa wasan yana bunƙasa ba, tunda ƙungiyar masana'antun kayan wasanni ta Amurka ta ƙiyasta masu buga shi a kan miliyan 4.8 a 2021, sannan miliyan 13.6 a 2023, sannan miliyan 19.8 a 2024. Inda nake so mu yi hattara shi ne alƙaluman da masu shirya gasa suke fitarwa bayan an watse, waɗanda suke cewa gasa ta kawo wa gari miliyoyin daloli. Yadda ake lissafin ba ɓoyayye ba ne. Ana ɗaukar yawan baƙi, a ninka da yawan kwanakin da suka yi, a ninka da abin da ake zaton kowa ya kashe a rana, sannan a sake ninkawa da wani adadi bisa hujjar cewa kuɗin zai yi ta zagayawa daga hannu zuwa hannu a cikin garin. Kowane mataki a cikin waɗannan yana da ƙofar ƙari, kuma wanda yake yin lissafin galibi shi ne mai neman a sake ba shi tallafi baɗi.

Kafin in yarda da kowane adadi sai na tambayi mutum nawa ne 'yan garin a cikin waɗanda aka ƙirga, domin ɗan gari da ya sayi abinci a filin gasa ya ɗauke kuɗin ne daga wani shagon garin ya kai wani. Sai kuma na tambayi ko ɗakunan da 'yan gasa suka kama da ma a cike za su kasance da wasu baƙin, domin idan haka ne an yi musanyar baƙo da baƙo ne kawai. Daga nan sai maganar inda kuɗin yake ƙarewa, tunda babban otel na kamfanin waje yana biyan ma'aikata albashi a garin amma ribar tana tafiya hedikwatarsa, kuɗin tikitin jirgi kuwa ko ƙwandala ba ta taɓa ƙasar garin.

Mazaunin Florida

Allah ya ƙara ilimi, Malam. Tambayarka ta biyu ita ce nake da amsarta, domin a wannan yankin nake zaune. Kasuwar baƙi a nan tana ci ne daga Janairu zuwa Maris, lokacin da mutanen arewacin Amurka da Kanada suke gudun sanyi su sauko kudu. Da zarar an shiga Afrilu sai su fara komawa, gidajen abinci su fara rage ma'aikata, farashin ɗaki ya fara sauka. Gasar Naples tana faɗawa ne daidai wannan gaɓa, saboda haka tana tsawaita kakar da ɗan lokaci maimakon ta yi gogayya da baƙin da ke nan. Sannan gundumar Collier, wadda Naples take ciki, ta zuba kuɗi a filayen daga harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin ɗakin otel, wato baƙo ne ya biya domin a jawo wani baƙon. Wannan tsari ya kwanta mini a rai fiye da a ɗebo daga kuɗin makarantu ko asibiti.

Hajiya Mai Masauki, Accra

Sallama gare ku duka. Ni ban san lissafi irin na Malam ba, amma na shekara da yawa ina riƙe da ƙaramin masaukin baƙi, kuma maganar nan ta taɓa ni kai tsaye. A watan Maris na 2024 aka yi wasannin Afirka karo na 13 a nan Accra, kuma pikilbol yana cikin wasannin da aka gabatar domin nuni, ba cikin waɗanda ake lissafa lambobinsu a teburin ƙasashe ba. Kafin a fara mun sa rai ƙwarai, na yi fenti, na sauya katifu, na ƙaro yarinya ɗaya mai taya ni aiki. Da aka fara sai muka tarar an sauke 'yan wasa a ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Ghana da ke Legon, a can suke ci, mota ta ɗauke su ta kai su fili ta dawo da su, manyan jami'ai kuma suna manyan otel. Azumi ya kama a tsakiyar wasannin, ni kuma na yi ta ajiye kunu da ƙosai na buɗa-baki ina jiran baƙin da ba su zo ba, in ban da 'yan jarida biyu da suka yi kwana huɗu.

Idan na kwatanta da Disambar 2019, shekarar da Ghana ta yi kira ga baƙaƙen fata na ƙetare su dawo gida ziyara, bambancin kamar sama da ƙasa ne. Waɗancan kowa da kuɗinsa ya zo, kowa ya nemi masaukinsa, suna tambayar inda ake sayar da waakye mai daɗi, wato shinkafa da wake irin na Ghana, da inda za su ɗinka kaya. Don haka na fahimci abin da Malam na Florida yake nufi. Ɗan wasan da gwamnati ta ɗauki nauyinsa baƙon gwamnati ne, wanda ya biya wa kansa shi ne baƙon gari.

Tsohon Kocin Badminton

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Bari in ƙara bayani ta fuskar fili, domin a nan ne wannan wasa ya bambanta da sauran. Filin pikilbol ƙafa 20 ne a faɗi, ƙafa 44 a tsawo, daidai da filin badminton na 'yan bibbiyu, kuma a wurin da ake gina filin tanis ɗaya da kewayensa ana iya fitar da filaye huɗu. Ragar tana da tsayin inci 36 a gefe, 34 a tsakiya. Akwai yanki na ƙafa 7 a kowane ɓangare na raga wanda ba a yarda mutum ya tsaya a ciki ya doki ƙwallo tun tana sama ba, kuma dole ƙwallo ta taɓa ƙasa sau ɗaya a kowane ɓangare kafin a fara dukanta a sama. Waɗannan dokoki biyu sun rage amfanin ƙarfi da tsawo, shi ya sa ɗan shekara 70 mai dabara yake iya wahalar da saurayi.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne yadda ake raba gasa. Ana kasa mutane ne bisa shekaru da kuma matakin iyawa, saboda haka a gasa ɗaya za ka sami rukuni masu ɗimbin yawa, kowanne da lambar zinarensa. Mutum yana iya shiga na ɗaiɗai yau, na bibbiyu gobe, na mace da namiji jibi, kuma kowanne da ranarsa. Tsarin jadawalin ne da kansa yake riƙe baƙo kwana uku ko huɗu a gari, alhali mai zuwa kallon wasan ƙwallon ƙafa yana iya isowa da rana ya koma da dare.

Uwar Biyu, Birmingham

Gaskiyar Baba Koci ce, kuma abin da ake yi a nan Ingila ya ƙara tabbatar da ita. Babbar gasar ƙasar, English Open, an sha yin ta a garin Telford a cikin wani zauren baje koli, ba a filin wasa ba. Ana shimfiɗa filayen wucin gadi a kan daɓen zauren, a yi kwanaki ana wasa, a naɗe su idan an gama, zauren ya koma karɓar tarukan kasuwanci. A 2023 masu shiga sun haura 1,000, daga ƙasashe da dama. Telford ba gari ba ne da mutum zai taso daga Sifen ko Indiya domin ya gani, amma da yake kwarin Ironbridge yana kusa, inda tsohuwar gadar ƙarfe ta 1779 take, iyalan 'yan wasa suna samun wurin zuwa a ranar da nasu ba ya wasa. Ina ganin wannan ya rage damuwar Malam game da kuɗin gwamnati, domin babu wani katafaren gini da za a bari yana lalacewa bayan an tashi.

Ɗalibi a Maleshiya

Ina neman afuwar iyayena da yayyena, amma ban yarda cewa ƙwararru ado ne kawai ba. A nan Kuala Lumpur, cikin 'yan shekaru kaɗan, an mayar da rumbunan ajiye kaya da rufin manyan shaguna filayen pikilbol, kuma matasa ma'aikata ne suke cika su da dare bayan an tashi daga aiki, ba 'yan fansho ba. Waɗannan matasa a waya suka fara ganin wasan, suna kallon ƙwararrun 'yan wasan Amurka Ben Johns da Anna Leigh Waters, wadda aka haifa a 2007 kuma ta zama ta ɗaya a duniya tun tana yarinya. Da babu waɗannan taurari da ba su sayi allon bugu ba tun farko. A 2025 kamfanin PPA, mai shirya gasannin ƙwararru, ya buɗe zagayen gasanninsa na nahiyar Asiya, aka fara daga nan Kuala Lumpur, aka je Hong Kong da Japan da Vietnam, kuma a birnin Da Nang dubban mutane ne suka shiga zaure domin kallo. Da Nang gari ne na bakin teku da yake rayuwa da baƙi, kuma hotunan da aka watsa a lokacin gasar talla ce da hukumar yawon buɗe ido za ta biya kuɗi mai yawa kafin ta samu. Hatta a Amurka, da taurarin wasu wasanni irin su LeBron James da Tom Brady suka sayi hannun jari a ƙungiyoyin MLP, wato gasar ƙungiyoyin ƙwararru ta pikilbol, manyan jaridu sun ƙara ɗaukar wasan da muhimmanci.

Malamin Tattalin Arziki

Ɗana, ka yi magana mai ma'ana, kuma babu laifi a saɓa wa manya idan da hujja. Sai dai ka lura cewa abubuwa biyu ne muke haɗawa. Taurari suna haifar da sababbin 'yan wasa, wannan na yarda. Amma tambayar ita ce a cikin dubban da suka cika zauren Da Nang mutum nawa ne suka kwana a otel, nawa ne kuma suka hau babur suka koma gidajensu. Talla kuwa ita ce abin da ya fi komai wuyar aunawa, shi ya sa masu neman tallafi suke son ambatonta.

Akwai kuma wani haɗari da ban ji an taɓo ba, wato gasar da ba ta da mazauni. Gasar ƙasa ta Amurka, wadda daban take da US Open ta Naples, an fara ta a 2009 a Buckeye ta jihar Arizona, ta koma Indian Wells ta California a 2018, ta koma yankin Dallas a 2023, ta sake komawa Mesa ta Arizona a 2024. Garin da ya kashe kuɗi domin irin wannan gasa yana iya wayar gari ta tashi zuwa inda aka fi ba ta. Naples ta ci riba ne saboda gasar ta zauna wuri ɗaya shekara da shekaru har mutane suka saba, suna kama ɗakin baɗi tun kafin su bar na bana, kuma filayen suna aiki duk shekara ga mazauna garin da masu zuwa koyo. A matakin duniya ma rikicin ya fi haka, domin an kafa hukumar ƙasa da ƙasa a 2010, wata ta fito a 2018, wata kuma a 2023, kowacce ta yi ta neman a ce ita ce uwa. Idan wani ya zo wa gwamnati da takarda cewa zai kawo mata gasar duniya, wajibi ne ta tambaya ta wace hukuma ce, da kuma su wa za su zo. Wannan rarrabuwa tana cikin abin da ya hana wasan kusantar Olamfik, kuma ba ya cikin wasannin da aka ƙara wa Los Angeles ta 2028.

Tsohon Kocin Badminton

Ina da ƙorafi ɗaya da zan ƙara a kan na Malam, kuma ya shafi mutanen gari. Ƙarar ƙwallon nan a kan allo tana da kaifi, ƙwas-ƙwas tun safe har dare, kuma a garuruwa da yawa na Amurka maƙwabta sun kai ƙara har an rufe wasu filaye ko an taƙaita lokacin wasa. Haka nan 'yan tanis da 'yan badminton suna kukan an ƙwace musu wurare. Ni da na ƙare rayuwata ina koya wa yara badminton, zuciyata ba ta so in ga an kori yaran unguwa daga zaure domin baƙi masu kuɗi su yi mako guda. Duk garin da zai shiga wannan harka ya kamata ya fara da tambayar inda yaransa za su yi wasa a sauran makonnin shekara.

Uwar Biyu, Birmingham

Akwai kuma maganar biza, wadda ita ce take tantance wanda zai iya zama irin baƙon da muke yabo. Gasar da ake kira kofin duniya an yi ta a Lima ta ƙasar Peru a 2023 da 2024, sannan aka kai ta Fort Lauderdale ta Florida a 2025. Kofin Bainbridge kuwa, wanda aka fara a Madrid a 2017 tsakanin Turai da Arewacin Amurka, ya je Italiya a 2018 da Jamus a 2019. Mai fasfo na Turai ko Amurka yana yanke shawara yau ya tashi mako mai zuwa, amma ɗan wasa daga Afirka ta Yamma sai ya jira ranar ganawa a ofishin jakadanci, ya biya kuɗin da ba a mayarwa, kuma yana iya rasa bizar bayan ya riga ya biya rajista. Shi ya sa nake ganin idan akwai abin da Hajiya za ta sa rai a kansa, to gasar yanki ce wadda 'yan Togo da Kodebuwa da Najeriya za su shigo Ghana ba tare da biza ba a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS, ko kuma wadda za ta jawo Turawa masu gudun sanyi su zo da kuɗinsu.

Hajiya Mai Masauki, Accra

Na gode, ƙanwata, wannan ta shiga kunnena. Malam na Florida, ina da tambaya irin tamu ta masu masauki. Shi dattijon da ka raka, kwana nawa ya yi, a ina ya sauka, kuma me ya fi kashe wa kuɗi? Ina so in san ko irin waɗannan mutane suna sauka a ƙananan wurare irin nawa, ko su ma manyan otel suke nufa.

Mazaunin Florida

Hajiya, kwana biyar ya yi, duk da cewa an fitar da shi daga rukunin ɗaiɗai tun ranar farko, domin yana da wasan bibbiyu bayan kwana biyu kuma ya ƙi tafiya kafin ya ga wasan ƙarshe na ƙwararru, wanda hakan ya ɗan ba ɗalibinmu na Maleshiya gaskiya. Bai sauka a babban otel ba. Shi da abokan wasansa uku da matansu sun haɗa kuɗi sun kama gida guda mai ɗakin girki, saboda suna so su dafa abin da cikinsu ya saba da shi kuma su sami injin wanki, tunda mutum yana jiƙa riga biyu ko uku da gumi a rana. Abin da suka fi tambaya kafin su biya shi ne nisan gidan da fili, domin ana iya kiran wasa da sassafe, sai kuma ko za a sami ƙanƙara da yawa ta sanya wa gwiwa da yamma. Matar gidan ta gane haka, ta ajiye musu buhunan ƙanƙara a firiza da ayaba a kan tebur kowace safiya, kuma kafin su tafi sun ba ta kuɗin kafin alƙalami na makon gasar baɗi.